Fijo 504 Ta Gado A Ƙauyen Ringim: Yadda Aka Ɗaure Injinta Sau Uku Kafin Ya Zauna

Motar da mai ita

Motar Fijo 504 ce salun, fara, haɗin Kaduna, takardunta sun nuna 1982. Mai ita ɗan kawuna ne, shekarunsa talatin da 'yan kai, yana noman riɗi da zoɓo a wani ƙauye dake ƙasar Ringim ta jihar Jigawa, da rani kuma yana ɗan saye da sayarwar hatsi a kasuwannin ƙauye. Ba zan kama sunansa ba, haka ma masu gyaran da aikin ya bi ta hannunsu. Ni na riƙe littafin da muke rubuta komai a ciki, kuɗi da awo da kwanan wata, daga cikinsa nake kwaso abun da zan faɗa.

Gadonta ya ci. Mahaifinsa Allah ya jiƙansa ya saye ta hannu na biyu a Kano, ya hau ta sama da shekara ashirin, amare nawa aka kai da ita a garin nan, masu naƙuda nawa aka fita dasu cikin dare, sai Allah. Da ya rasu a 2015 aka tura ta ƙarƙashin rumfar kara, shekara bakwai tana nan kaji na kwana a ƙasanta.

Ita 504 ba sai an gabatar da ita ga ɗan Arewa ba. A Faransa ta fara fitowa a 1968, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai, kamfanin PAN kuma ya fara haɗa Fijo a Kaduna a 1975. A wannan shekarar dai ta 1975 Ove Andersson ya lashe tseren Safari na Kenya da 504, kuma hotunan wancan tseren da ɗan kawun nawa ya riƙa gani a Facebook da YouTube su suka sa masa rigimar. Cewa yake shi ba so yake kawai ta tashi ba, so yake ta yi gudun da ko zamanin Baba bata yi ba.

Injinta shi ne wanda ake kira XN1, silinda huɗu, cc 1971, faɗin kowace silinda milimita 88, tafiyar fistin milimita 81. Bulok ɗin ƙarfe ne, tof silinda kuma, wato murfin saman injin, alminiyom, injin a kishingiɗe yake gefe guda ba a tsaye ba. Abu ɗaya da ya kamata a riƙe tun yanzu shi ne silib ɗinsa, wato bututun ƙarfen da fistin ke hawa da sauka a ciki, cirewa ake yi, ba a jikin bulok aka huda ramin fistin ba, kuma ruwan lagireto jikin silib ɗin yake zagayawa kai tsaye.

Nuwamba 2022: halin da aka same ta

Bayan ambaliyar damunar 2022 ta ja, hanyoyi sun fara biyuwa, aka sa sabon batir da filogi, aka wanke tanki, ta tashi a bugu na biyar ko na shida. Ranar 12 ga Nuwamba muka ari gejin kwamfireshan muka auna ƙarfin matsin iska a cikin kowace silinda. Ga abun da ya bayar, kuma a Fijo daga wajen giya ake fara ƙirga silinda ba daga gaban mota ba: ta 1 ta ba da 110, ta 2 ta ba da 95, ta 3 ta ba da 70, ta 4 ta ba da 105, duk a ma'aunin psi.

Salansa na fitar da shuɗin hayaƙi musamman in an saki totur an sake takawa. Baƙin mai lita ɗaya take sha a kilomita 300 ko ƙasa da haka. Fetur kuma lita ɗaya kilomita 6. Mun fita da sassafe wani miƙaƙƙen wuri a titin Ringim zuwa Gujungu, mu biyu a ciki, muna auna gudu da wayar hannu tunda allurar motar rawa take, daga tsaye zuwa 100 ta ɗauki daƙiƙa 27, kuma ƙarshen abun da ta iya 108. Ruwa bata ci, zafi bata yi. Wannan na ƙarshen na ja masa layi a littafi daga baya.

Disamba 2022: aiki na farko

Ya sayar da riɗi buhu biyu ya kai ta wani gareji a gari mafi kusa damu, wajen wani matashin makaniki wanda hannunsa na da kyau a ƙananan motocin Japan, mutane na yabonsa kuma ba ƙarya suke ba. Ranar 5 ga Disamba aka fara. Ba a sauke injin ba, a cikin mota aka buɗe shi, aka cire tof aka cire kaskon baƙin mai aka zaro fistin ta sama.

Abubuwan da akai: an canza ringi da metal, wato siraran ƙarafan da karanshaf ke juyawa a cikinsu, amma an bar tsohon silib da tsohon fistin, an ɗan goge cikin silib da samfefa kawai. An kai tof Kano an shafe masa fuska milimita ɗaya cur don a ƙara kwamfireshan. An cire tamostat, abun da ke tsare ruwa har inji ya ɗau zafi, an yar, wai yana hana ruwa gudu. An ƙara wa jet ɗin kafireto faɗi da ƙaramin diril. An cire babbar tukunyar tace iska irin mai baƙin mai a ƙasa wadda tazo da motar, aka sa wata 'yar ƙarama mai raga. An yanke salansar tsakiya an miƙe bututu. Taimin kuma, wato lokacin da filogi ke ba da wuta, da kunne aka saita, ana juya distributa har inda inji ya fi ɗaga murya. Ina tsaye a wurin lokacin da ake juya karanshaf da sifana don a fito da fistin na biyu da na uku, tof a cire, babu abun da aka danne silib dashi. A lokacin ban san wannan na da wata ma'ana ba, na dai rubuta cewa anyi.

Kuɗin aiki da kaya da zirga-zirgar Kano ya kama naira dubu 92. Ranar 19 ga Disamba aka bamu mota.

Kwamfireshan ya tashi zuwa tsakanin 170 da 180 a dukkan huɗun. Daga tsaye zuwa 100 ta dawo daƙiƙa 18. Ƙara kuwa ba a magana, tun daga bakin makarantar firamare ake jin zuwanta, yara na bin ta da gudu. Hayaƙi ya ragu amma bai ɗauke ba. Fetur ya koma kilomita 5 da rabi a lita. Sannan akwai wata 'yar ƙara da take fitowa in tana giya ta huɗu aka taka totur a ƙaramin gudu, kamar an zuba tsakuwa a gwangwanin madara ana kaɗawa. An koma an faɗa, makanikin yace sabon ringi ne bai zauna ba.

Janairu 2023: ta fara tafasa

Sati biyu na farko lafiya lau. A na uku ya lura kullum da safe sai ya ƙara ruwa kamar kofi biyu, kuma ruwan rijiya ake zubawa kamar yadda aka saba tun zamanin mahaifinsa. Lokacin hunturu ne, ƙura ta rufe ko'ina, 'yar ragar nan ta kan kafireto kwana uku take yin ja wur.

Ranar 8 ga Janairu yana dawowa daga Gujungu da buhu uku na gero a but, allurar zafi ta haye har ja, kafin ya samu wurin tsayawa tururi ya turnuƙe daga ƙarƙashin bonet. Da ta huce aka zaro sandar awon baƙin mai, abun da ke jikinta kalar shayi mai madara ne, murfin baƙin man shima duk farin kumfa. Da igiya aka jawo ta gida bayan wata a-kori-kura. Kilomita 640 kacal ta yi tun fitowarta daga gareji.

Fabrairu 2023: faci

Wannan watan kowa ya san yadda ya kasance, canjin kuɗi, tsofaffin takardu an ce ranar 10 ga wata za su daina aiki sababbi kuma babu su, mai POS sai ka bashi kaso mai tsoka kafin ya baka naka. Haka aka lallaɓa aka sake komawa garejin farko ranar 2 ga wata. Aka buɗe, gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin tof da bulok, ya ƙone tsakanin silinda ta 2 da ta 3. Makanikin yace gasket ɗin ne jabu, kuma zai iya yiwuwa hakan ne dan kasuwa cike take da su. Ya kawo shawarar a sa gasket biyu a haɗe a shafa musu gam, a wanke lagireto da omo, a canza baƙin mai sau biyu. Akai haka, naira dubu 28.

Kwana goma sha tara ta yi. Ranar 21 ga Fabrairu ruwa ya sake haɗuwa da mai, wannan karon ko tafasa bata yi ba, kawai da safe aka buga ta ƙi juyawa da kyau, da aka cire filogi na uku aka sake bugawa sai ga ruwa ya yi tsartuwa daga ramin. Kuma ƙasan injin ya fara wani bugu mai nauyi in ya yi zafi. Jimilla an kashe dubu 120 kuma motar ta fi lalacewa akan yadda aka fito da ita daga rumfa. 'Yan gida suka fara cewa a sayar wa 'yan gwangwan a huta, mahaifiyarsa ce kaɗai bata ce komai ba.

Maris zuwa Afrilu 2023: an sauke inji, an auna

Wani direban tasha ne ya kwatanta mana wani dattijo a wani gari kan hanyar Kano, wanda tun zamanin da Fijo ce motar haya a duk Arewa shi aikinsa kenan, yanzu ƙarfi ya ja baya, injinan ban ruwa yake ɗan taɓawa a ƙofar gida da yara biyu. Ranar 27 ga Maris, azumi na da kwana biyar, muka kai masa ita a jaye.

Ya zagaya ta ya leƙa bonet bai taɓa komai ba tukunna. Ɗan kawuna yace, Baba so nake ta yi gudu. Yace, to ɗana naji, amma ni sai na sauke shi ƙasa gaba ɗaya na gani da idona, kuma ba zan ce maka ga kuɗi ba sai na gama awo, in ka yarda bismillah. Aka yarda.

Kwana huɗu ana kwancewa ana wankewa da kananzir, kowane ƙarfe ya jera shi akan buhu a ƙarƙashin darbejiya bi da bi yadda ya fito, fistin na ɗaya da metal ɗinsa da kusoshinsa wuri guda, ba mai haɗa su da na biyu. Kayan awonsa a wata tsohuwar jakar fata suke, miƙaƙƙen ƙarfe guda, fila geji, maikuromita, da wani agogon awo mai allura wanda gilashinsa ya tsage. Ga abun da ya samu.

Na farko silib. Ya kira mu ya nuna mana, yace wannan injin sirrinsa a nan yake. Kowane silib a ƙasa akan wani siririn zobe na takarda yake zaune wanda ke hana ruwa gangarawa cikin baƙin mai, a sama kuma dole bakinsa ya ɗara fuskar bulok da kamar kashi ɗaya cikin goma na milimita, kaurin gashin kai ko ya ɗan fi, dan in an ɗaure tof bakin silib ɗin ne zai fara cizon gasket ya rufe wuta. Ya ɗora agogonsa, na ɗaya 0.09, na biyu 0.02, na uku babu komai daidai yake da bulok, na huɗu 0.08. Da aka zaro na biyu da na uku sai ga takardar ƙasansu a yage, tsatsa da ɓarɓashin ƙasa sun shiga ƙarƙashi. Ya tambaya ko an juya inji tof a cire ba a danne silib ba, na buɗe littafi na karanta masa abun da na rubuta ranar 6 ga Disamba. Ya gyaɗa kai kawai. Yace fistin in zai hau yana jan silib ya ɗaga shi ko da kaɗan ne, da ya ɗaga takardar ta tashi aiki, datti ya samu hanya, daga nan ko gasket na zinare ka sa ba zai riƙe ba.

Na biyu tof. Ya auna kaurinsa yace tun kafin wannan shafewar an taɓa shafe shi zamanin mai motar na farko, ga alama nan. Mun yi lissafi tare a bayan littafi: kowace silinda cc 493 take ɗauka, shafe milimita ɗaya a fuska mai wannan faɗin yana rage ɗakin wuta da kusan cc 5 zuwa 6, wato injin da aka yi shi akan matsi takwas da wani abu ya haura tara, ga kuma tsohuwar shafewa a kai. Fetur ɗin da muke samu a ƙauye, rabi daga gidan mai rabi daga 'yan bumburutu, ba zai ɗauki wannan ba. Ga shi kuma tof ɗin ya ɗan banƙare a tsakiya sabida tafasar 8 ga Janairu, fila geji na 0.15 na wucewa ƙarƙashin miƙaƙƙen ƙarfe.

Na uku fistin. Na biyu da na uku gefen da ke tsakanin ringi na sama da na ƙasa ya karye, kan su duk ya yi ƙananan ramuka kamar an caccaka da allura. Yace ƙarar tsakuwa a gwangwani da kuka ji ita ce wannan, wuta ce ke fashewa kafin lokacinta tana dukan fistin. Da ya duba inda aka bar distributa, taimin ya kai wajen digiri 20 a silo.

Na huɗu karanshaf ya karce sabida ya yi gudu da mai mai ruwa, metal ɗin da aka sa a Disamba har jan ƙarfen cikinsu ya fito. Cikin silib kuma duk zane ne a tsaye daga sama zuwa ƙasa, aikin ƙurar hunturu da ta wuce ta raga.

Sai abubuwa biyu da ba wanda ya taɓa dubawa. Kafireton Solex ne mai maƙogwaro biyu, na farko na aiki kullum na biyu kuma sai an taka totur sosai yake buɗewa, to na biyun a maƙale yake da tsatsa, baya motsi sam, Baba yace daga ganin dattin da ya daskare a kai ya fi shekara goma a haka. Wato motar da rabin numfashi take tafiya tun mahaifinsa na raye. Distributa kuma ƙananan ƙarafan cikinsa masu buɗewa in inji ya ɗau gudu su ƙara taimin sun kafe, robar da iska ke ja itama ta huje.

Lagireto da aka buɗe kansa kusan kashi ɗaya cikin uku na bututunsa a toshe suke da farin abu kamar kanwa.

Mayu 2023: ɗauri na uku

Bayan ƙaramar sallah ya sayar da ɗan maraƙi guda aka shiga sayayya. Baba da kansa ya bi mu kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano sau biyu, yana ɗaga kaya yana juyawa yana ajiyewa, wani ma ko taɓawa baya yi. An sayi cikakken kit, silib da fistin da ringi da fin a haɗe. An samu tof na hannu daga injin 505 mai irin wannan XN1 ɗin wanda ba a taɓa shafewa ba, aka ɗan share fuskarsa abun da bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, dan ta miƙe kawai. Karanshaf aka kai girandin aka rage 0.30 aka sayi metal daidai da hakan. Famfon baƙin mai da sarƙar taimin da famfon ruwa duk sababbi. Lagireto aka canza masa ciki da mai layi uku.

Ranar 13 ga Mayu ya zauna kan silib, kuma yini guda cur ya yi akan wannan kaɗai. Ya kankare mazauninsu a cikin bulok har ƙarfe ya fito fes, ya sa su ba takarda ya auna, ya rubuta da alli a jikin bulok, sannan ya zaɓi takarda, dan kauri daban-daban suke zuwa kowacce da launinta. Ya sa ya auna ya cire ya canza, na uku sau huɗu yana fito dashi, har yaron shagon ya fara ƙosawa yace Baba ai ya yi, yace bai yi ba. Da la'asar aka tsaya akan 0.10, 0.11, 0.10, 0.10. Nan take ya danne su da manyan wasa da kusoshi, bai cire ba sai lokacin da za a ɗora tof.

Wajen neman ƙarfi kuwa abun da ya yarda ya yi kaɗan ne. Ya goge bawul ɗaya bayan ɗaya ya zuba kananzir a ɗakin wuta ya bar shi ya kwana ya ga ko zai zurara. Ya ɗora gasket ɗin manifol akan tof ya zana, inda bakin ramuka bai haɗu daidai ba ya share tudun da ƙaramin dutse, bai faɗaɗa ramin ba. Ya wanke kafireto ya saki maƙogwaro na biyu, jet ɗin da aka huda ya zubar ya nemo na asali daga wani tsohon kafireto. Ya sa distributa mara kontak irin na 505 na baya-baya da kwayil ɗinsa. Salansa aka yi sabuwa, bututun ya ɗan fi na asali faɗi, da tukunya ɗaya mai miƙaƙƙen ciki a baya da ƙarama a tsakiya. Tukunyar tace iska mai baƙin mai, wadda Allah ya sa ba a yar ba tana ɗakin hatsi, aka wanke ta koma mazauninta. Tamostat ma ya koma, irin mai buɗewa da wuri. Ɗan kawuna ya ɗan yi gardama akan wannan, Baba yace masa in babu shi inji baya kaiwa zafin da aka yi shi ya yi aiki a kai da safe, fetur na wanke bangon silib, ringi na ci, kuma ba shi ya tafasa maka mota ba.

Tof da sifana mai awo aka ɗaure shi daga tsakiya zuwa gefe, gasket ɗaya, babu gam. Tafet, wato tazarar bawul, a sanyi aka saita, na shiga milimita 0.10 na fita 0.25. Taimin da fitila aka saita akan digiri 8. Ruwan lagireto na roba aka saya aka haɗa da maganin tsatsa, yace daga yau rijiya da motar nan sun rabu. Ya kuma ƙi sakin mota sai da aka canza tayoyi huɗu da robobin birki da man birki, tayoyin da ke kai tun kafin rasuwar mai ita suke, duk gefensu ya tsattsage.

Ranar 20 ga Mayu ta tashi a bugu na biyu. Wannan zagayen harda taya da birki ya ci naira dubu 335.

Yuni zuwa Yuli 2023: horo da awo

Sharaɗin Baba shi ne kilomita 1,000 ba a wuce 80 ba, ba a ɗora mata kaya ba, kuma ba a barin ta tana silo a tsaye. Kwana tara da tashinta aka cire tallafin mai, 29 ga Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da 200 a farashin gwamnati zuwa sama da 500, dan haka kilomita dubun nan sai da ta ɗauki sati biyar. An canza baƙin mai a 500, an sake a 1,000. Ranar 24 ga Yuni aka mayar masa da ita ta kwana ta huce, da safe ya sake bin kusoshin tof ya sake saita tafet.

Matsala ɗaya ce ta fito a wannan tsakanin, in an yi tafiya da rana aka kashe ta minti goma sai ta yi wuyar tashi. Ya gano bututun fetur ne ya matso kusa da sabuwar salansa, fetur na tafasa a ciki. Aka janye shi aka sa masa kariya, bata sake ba.

Ranar 8 ga Yuli muka koma wurin nan na titin Gujungu, da sassafe, mu biyu, waya ɗaya. Kwamfireshan 152, 150, 150, 153. Daga tsaye zuwa 100 daƙiƙa 14 da rabi. Ya kai ta 140 tana da sauran totur ya saki da kansa sabida shanu da ke gefen hanya. In aka taka sosai akwai wani wuri da zaka ji maƙogwaro na biyu ya buɗe, murya ta canza mota ta ƙara miƙewa, da ya fara jin haka sai da ya juyo ya kalle ni, yace wallahi ko a hannun mahaifinsa bai taɓa jin ta yi wannan ba. Fetur kilomita 9 zuwa 9 da rabi a lita. Baƙin mai daga canji zuwa canji ba a ƙara ko kofi. Ƙarar tsakuwa babu.

Afrilu 2024: gwajin bazara

Duk wancan awon a damuna akai shi, gari da sanyi-sanyi. Gwajin da Baba yace a jira shi ne zafin bazara. Ranar Alhamis 18 ga Afrilu 2024 aka je kasuwar Maigatari, mutum biyar da kaya a but, dawowa da tsakar rana zafi ya haura digiri 40, harda tsayuwar kusan rabin awa a cunkoson bakin kasuwa inji na aiki. Allura ta ɗan wuce tsakiya ta tsaya a nan. Washegari da safe aka buɗe lagireto ruwa na nan a bakinsa. Lokacin ta yi kilomita 11,300 tun ɗauri na uku.

Abun da na gani a ciki

Ra'ayina ne wannan, na wanda ya tsaya a wurin tun farko. Daga daƙiƙa 27 zuwa 14 da rabi, mafi yawan wannan ribar ba daga wani ƙari da akai wa injin ta fito ba, ƙarfinsa ne na asali da ya zube ta ringi da bawul da maƙogwaron da ya maƙale da distributan da ya kafe aka tattaro aka mayar masa. Abun da za a kira ƙari na gaske, share bakin manifol da salansa da distributa mara kontak, in an haɗa su duka ban jin sun kai daƙiƙa biyu a ciki. Kuma aikin farko da ya ba da kwamfireshan 180 bai kamo na ƙarshe mai 150 a gudu ba ko a satinsa mafi kyau, sabida iskar da ke shiga rabi ce, wutar kuma ba a lokacinta take tashi ba.

Makanikin farko ban ɗauke shi macuci ba, kuma har yau shi ke gyara wa mutanen garin motocinsu. Injinan da ya saba dasu ramin fistin a jikin bulok yake, ka juya karanshaf yadda kake so ba abun da zai motsa, ba wanda ya taɓa nuna masa inji mai jiƙaƙƙen silib. Inda nake ganin laifinsa shi ne zagaye na biyu, da gasket ya ƙone a kilomita 640 ya kamata a tambayi dalili a ɗora ko miƙaƙƙen ƙarfe ne akan bulok, ba a ninka gasket ba, wannan kwana goma sha taran su suka ci karanshaf. Mu ma da namu, mun ji ƙarar nan tun ranar farko muka ci gaba da hawa sati uku, kuma mu muka je da maganar gudu a baki kafin maganar lafiyar inji, shi kuma ya bamu abun da muka tambaya.

Ta fuskar kuɗi an kashe dubu 455, dubu 120 a ciki asara ce tsantsa, harda tof na asali da ya tafi a banza wanda da an bar shi da kaurinsa da har yanzu yana kai. Da tun Disamba wajen dattijon aka fara zuwa, lissafina shi ne da ba a sayi tof ba, da wataƙila karanshaf ma gogewa kawai zai buƙata.

Abun da ya rage yanzu giya ce, mai huɗu ce, a gudun 110 inji na kuka fiye da yadda ya kamata kuma yana shan mai a banza. Baba yace giya mai biyar ta 505 za ta iya shiga amma sai an duba tsayin farfela, sandar da ke kai juyi daga giya zuwa tayoyin baya, da mazaunin giyar tukunna, ya ce a bari sai bayan an cire riɗin bana. Yaron shagonsa guda, wanda ya ce ai ya yi ranar silib, shi aka bar wa aikin auna farfelar, ya zo ranar Asabar da ta wuce da tef da littafinsa ya shiga ƙarƙashin motar.